Minti Uku a Gaban Kwamiti

An ba ni minti uku.
Agogon bango ya riga ya fara ci.

Sunana Nolberto Catrileo,
mai ɗinkin taru a bakin tekun Valparaíso.
Na sa kwat ɗin da na yi aure da shi,
ya matse ni a hammata.
Na wanke hannu da lemun tsami har sau uku,
amma ƙarnin kifi ya riga ni shiga zauren.

Ranku ya daɗe, ga takardar.
Shafi goma sha ɗaya ce.
A na farko an rubuta "Barka!"
da harafi kamar sunan jirgin ruwa.
A na tara kuwa, can ƙasa,
rubutu kamar sawun kiyashi,
nan aka binne ruwan bashin.
Ni da ke gano hujin taru cikin duhun asuba,
ban gan shi ba.
Na sa hannu.

'Yata Yasna ta karanta aikin jinya.
Shekara biyar tana hawan tudunmu da ƙafa
don kuɗin mota ya koma kuɗin littafi.
Yau ita ke juya marasa lafiya cikin dare.
Albashi zai yi sallama ta ƙofa,
banki na tsaye a taga yana miƙa hannu.
Shekara bakwai tana biya,
bashin sai ƙiba yake,
kamar mu ke ba shi abinci.

Ƙaninta Fabián ya fi ta kan lissafi.
Shi ma takardarsa ta zo.
Ya dubi idon yayarsa,
ya ninke ta huɗu,
ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburinmu mai rawa.
Yanzu yana dakon kaya a tashar jiragen ruwa.
Tebur dai ya daina rawa.

An ce dokar nan sashe arba'in gare ta.
Ba zan yi ƙarya ba, ban karanta ba.
Yasna ce ta karanta mini na sha biyu:
kowace jami'a ta faɗi kuɗinta duka,
a shafi guda,
da harafin da tsoho zai gani ba tabarau.
To ai haka muke yi a kasuwar kifi!
A ɗora a sikeli,
allura ta tsaya a idon mai saye.
Wanda ya saƙa yatsa ƙarƙashin faranti
ba ya kwana biyu da suna.

Ta karanta mini wani kuma,
na manta lambarsa,
mai cewa biya ya bi ƙarfin albashi,
daidai ruwa daidai tsaki,
kuma bashi ya san ranar mutuwarsa
kamar kowane mai rai.

Wani ɗan majalisa ya gyara tabarau:
"Ina za a samo kuɗin?"
Tambaya mai kyau, ranka ya daɗe.
Ita nake yi wa rufin ɗakina
shekara goma sha biyu ke nan.
Ku dai kuna da masu lissafi,
ni sai kwano da ruwan sama.

Ban zo roƙon kyauta ba.
Teku ma ba ta taɓa ba ni kyauta,
amma in za ta yi fushi
tana nuna alama tun daga nesa.

Ƙararrawa ta kaɗa.
Shugabar kwamiti ta ce an gode,
an ɗage zama sai Talata.
Wani ya kai hannu zai karɓi takardar,
na ce a'a, har yanzu ana bin mu a kanta.

A waje iska ta taso daga teku.
Yasna na kan benci da kayan aiki,
takalmi ɗaya ya zame,
barci ya sace ta, bakinta a ɗan buɗe.
Ƙarfe bakwai za ta koma asibiti.

Ban tashe ta ba.
Na cire kwat na lulluɓe ta,
na zauna ina kallon agogon hannuna.
Na ba ta minti uku.
Da suka cika, na ƙara mata.